New Jersey Generals: Tarihin ƙungiyar ƙwallon da Trump ya saya, da shari'ar da ta ƙare da diyyar dala 3

New Jersey Generals ƙungiya ce ta ƙwararrun 'yan wasan ƙwallon ƙafa irin ta Amurka, wadda ta buga kakar wasa uku daga 1983 zuwa 1985 a gasar USFL, wato gasar da aka kafa domin a riƙa buga ta a lokacin bazara. Ba ta taɓa ɗaukar kofi ba, ba ta ma taɓa cin wasa ko ɗaya a zagayen sili-ɗaya-ƙwale ba. Duk da haka, sunanta ya fi na sauran ƙungiyoyin gasar fita, domin ita ce ta ɗauki ɗan wasa mafi tashe a zamaninsa, ita ce Donald Trump ya saya yana ɗan shekara 37, kuma mai ita ne ya ja gaba a rikicin shari'ar da ya yi ajalin gasar baki ɗaya.

Wasan da gasar

Ƙwallon ƙafar Amurka ta bambanta da tamaular da aka sani a Afirka da Turai, ta fi kama da zari-ruga. 'Yan wasa 11 ne a kowane ɓangare, ƙwallon tana da siffar ƙwai, kuma da hannu aka fi sarrafa ta. Tsawon filin yadi 100 ne. Ana ba ƙungiyar da ke riƙe da ƙwallo dama huɗu ta matsa gaba da yadi 10, ko ta hanyar jifa ko ta gudu, idan kuma ta kai ƙwallon ƙarshen gidan abokan hamayya sai ta samu maki 6. Shi ya sa da yadi ake auna ƙwazon ɗan wasa.

Babbar gasar wannan wasa ita ce NFL, wadda ke fara kakarta a watan Satumba ta kammala a farkon sabuwar shekara. Daga nan 'yan kallo sai su zauna watanni babu wasa. Wannan giɓi ne wani ɗan kasuwa na birnin New Orleans mai suna David Dixon ya hango. Tsarinsa bai da sarƙaƙiya: a buga wasa daga Maris zuwa Yuli lokacin da NFL ke hutu, a yi amfani da manyan filayen da ke zaune babu kowa, a samu kwangilar talabijin, sannan kowace ƙungiya ta tsuke bakin aljihu, kada albashin 'yan wasanta ya wuce kimanin dala miliyan 1.8 a shekara. An sanar da kafa gasar a birnin New York ranar 11 ga Mayun 1982, da ƙungiyoyi 12, kuma tashoshin ABC da ESPN suka amince su riƙa nuna wasanninta.

Kafuwar ƙungiyar da zuwan Herschel Walker

Wanda ya fara mallakar Generals shi ne J. Walter Duncan, attajirin man fetur daga jihar Oklahoma. Ya ɗauki Chuck Fairbanks, tsohon kocin New England Patriots, ya horar da ita, aka kuma zaɓi filin Giants Stadium da ke East Rutherford a jihar New Jersey ya zama gidanta. Da yake filin na daf da New York, cibiyar kafafen yaɗa labarai da tallace-tallace, nasarar gasar ta rataya sosai a wuyan wannan ƙungiya.

A watan Fabrairun 1983, makonni kaɗan kafin a take wasan farko, Generals ta ɗauki Herschel Walker, ɗalibin Jami'ar Georgia wanda ya lashe kyautar Heisman ta 1982, wadda ake ba gwarzon ɗan wasan jami'o'in Amurka. Walker bai kammala karatu ba a lokacin, kuma ƙa'idar NFL ta hana ɗaukar irinsa. USFL ma ta yi alkawarin kiyaye wannan ƙa'ida, amma ta karya ta, abin da ya harzuƙa masu horar da ƙungiyoyin jami'o'i. Kwangilar ta shekara uku ce, kuɗinta ya haura dala miliyan 4. Domin kauce wa iyakar albashin da aka gindaya, sai aka rubuta ta a matsayin yarjejeniya tsakanin Walker da Duncan shi kansa, ba da ƙungiyar ba. Ke nan tun kafin a fara wasa, tsarin tsimin kuɗi na Dixon ya samu tsaga.

A fili kuwa, abin bai yi armashi ba. Generals ta sha kashi a wasanta na farko ranar 6 ga Maris ɗin 1983 a hannun Los Angeles Express da ci 20 da 15, ta kuma ƙare kakar da nasara 6 da rashin nasara 12. Walker ne kaɗai ya fitar da ita kunya, inda ya yi gudun yadi 1,812 da ƙwallo, fiye da kowa a gasar.

Zamanin Trump

A watan Satumban 1983 Duncan ya sayar da ƙungiyar ga Donald Trump, matashin dillalin gine-gine da ya buɗe benen Trump Tower a shekarar. Rahotannin lokacin sun ce cinikin ya kai kimanin dala miliyan 9. Nan take salon tafiyar da ƙungiyar ya sauya. Trump ya nemi ɗauko Don Shula, shahararren kocin Miami Dolphins, amma maganar ta wargaje bayan ya fito a talabijin yana cewa batun ba Shula gida a Trump Tower ne ya rage a daidaita. A ƙarshe ya ɗauki Walt Michaels, tsohon kocin New York Jets.

Daga nan sai ya shiga zawarcin 'yan wasan NFL. Ya ɗauko Brian Sipe, mai jefa ƙwallo na Cleveland Browns kuma gwarzon NFL na 1980, da mai tsaron baya Gary Barbaro daga Kansas City Chiefs. Ya kuma ƙulla yarjejeniya da Lawrence Taylor, tauraron New York Giants, cewa zai koma Generals idan kwangilarsa ta ƙare. Sai da Giants ta biya kuɗi aka warware yarjejeniyar, ta kuma ƙara wa Taylor albashi.

Kuɗin sun yi aiki. A 1984 ƙungiyar ta ci wasa 14 ta faɗi 4, amma Birmingham Stallions ta fitar da ita a zagayen farko na sili-ɗaya-ƙwale da ci 36 da 17. A 1985 Trump ya ɗauko Doug Flutie na Kwalejin Boston, wanda ya lashe kyautar Heisman ta 1984, aka miƙa Sipe ga Jacksonville Bulls. A wannan kakar ce Walker ya yi gudun yadi 2,411, adadin da babu ƙwararren ɗan wasan da ya taɓa kaiwa a kaka guda, aka kuma zaɓe shi gwarzon gasar. Sai dai a wasa 18 ya kafa tarihin, alhali Eric Dickerson ya yi yadi 2,105 a wasa 16 na NFL a 1984. Flutie ya karye a ƙashin kafaɗa ana dab da kammala kakar, ƙungiyar ta ƙare da nasara 11 da rashin nasara 7, sannan Baltimore Stars ta doke ta da ci 20 da 17. Wannan ne wasanta na ƙarshe.

Komawa kaka

Tun da ya shigo, Trump bai ɓoye ra'ayinsa ba cewa wasan bazara ƙaramin ciniki ne. Shi da wasu masu ƙungiyoyi, ciki har da Eddie Einhorn na Chicago, sun dage cewa kuɗin talabijin na gaske yana lokacin kaka, don haka dole a yi gaba-da-gaba da NFL. Masu sukarsa sun ce ainihin burinsa shi ne a tilasta wa NFL ta haɗe da wasu ƙungiyoyin USFL, shi kuma ya samu kujera a babbar gasar da araha. Babban mai adawa da shirin shi ne John Bassett na Tampa Bay Bandits, wanda ƙungiyarsa ke tara 'yan kallo ba tare da ɓarnar kuɗi ba. Amma a watan Agustan 1984 masu ƙungiyoyin suka kaɗa ƙuri'ar komawa kaka daga shekarar 1986.

Illar matakin ta bayyana tun kafin lokacin ya zo. Ƙungiyoyin da ke zaune a biranen da NFL ta yi kaka-gida sun san ba za su samu fili ko 'yan kallo ba. Philadelphia Stars, zakarar 1984, ta koma jihar Maryland da sunan Baltimore Stars. Michigan Panthers, zakarar 1983, ta narke cikin Oakland Invaders. Pittsburgh Maulers ta rufe, New Orleans Breakers kuma ta yi ƙaura zuwa Portland. Gasar da ta kai ƙungiyoyi 18 a 1984 ta dawo 14 a 1985, kuma 8 kawai suka rage a jadawalin 1986. Ita kanta Generals an shirya haɗe ta da Houston Gamblers, ta yadda Walker zai yi wasa tare da mai jefa ƙwallo Jim Kelly, amma wannan haɗaka ba ta taɓa shiga fili ba.

Shari'ar

A watan Oktoban 1984 USFL ta maka NFL a kotun tarayya da ke Manhattan bisa dokar hana babakere a kasuwanci. Babban ƙorafinta shi ne NFL ta ɗaure manyan tashoshin talabijin uku na ƙasar, ABC da CBS da NBC, da kwangiloli, ta yadda babu inda sabuwar gasa za ta sa kai a lokacin kaka. Diyyar da ta nema daga baya ta kai dala miliyan 567, wadda doka za ta ninka sau uku ta zama kusan biliyan 1.7. Da wannan fata ne gasar ta ci gaba da numfashi.

An fara sauraren ƙarar a watan Mayun 1986 a gaban Mai Shari'a Peter Leisure, lauya Harvey Myerson ne ya tsaya wa USFL. Trump ya ba da shaida cewa shugaban NFL, Pete Rozelle, ya taɓa yi masa tayin ƙungiya a babbar gasar, Rozelle kuma ya musanta. Lauyoyin NFL sun gina kariyarsu a kan hujja guda: USFL ce ta kashe kanta da almubazzaranci da watsi da tsarinta na asali.

Ranar 29 ga Yulin 1986 masu taimaka wa alƙali yanke hukunci su shida suka bayyana matsayarsu. Sun amince cewa NFL ta yi babakere ba bisa ƙa'ida ba, amma suka yi watsi da zargin da ya shafi talabijin, suka kuma yanke diyyar dala 1, wadda ninki uku ya mayar dala 3. Ɗaya daga cikinsu ta shaida wa manema labarai cewa ta zaci alƙali zai iya ƙara adadin. Ranar 4 ga Agusta USFL ta dakatar da kakar 1986, da asarar da ta haura dala miliyan 160. Ɗaukaka ƙarar da ta yi ta faɗi a 1988. An umarci NFL ta biya kuɗin lauyoyi sama da dala miliyan 5, sannan a 1990 ta rubuta cakin dala 3.76, wato diyyar haɗe da kuɗin ruwa. Ba a kai cakin banki ba.

Har yau ana taƙaddama a kan rabon laifi. Shirin fim na ESPN mai suna Small Potatoes da Mike Tollin ya fitar a 2009, da littafin Football for a Buck na Jeff Pearlman na 2018, sun ɗora kaso mai tsoka a kan Trump. Shi kuma ya sha cewa ba don shi ba da gasar ta mutu tun da wuri. Abin da ba a jayayya a kansa shi ne, ƙungiyoyi da dama sun riga sun faɗa cikin bashi, kuma ba shi kaɗai ya kaɗa ƙuri'ar komawa kaka ba.

Bayan rushewa

Walker ya koma Dallas Cowboys a 1986, Flutie ya tafi Chicago Bears kafin ya yi suna a gasar Kanada, Kelly kuma ya nufi Buffalo Bills. Trump bai samu shiga NFL ba. Ya nemi sayen Bills a 2014, amma Terry Pegula ya saye ta a kan dala biliyan 1.4. Alaƙarsa da Walker kuwa ta ɗore: ya mara masa baya a takarar sanata a jihar Georgia a 2022, wadda Raphael Warnock ya lashe, sannan a Disambar 2024 ya sanar da zaɓarsa a matsayin jakadan Amurka a Bahamas.

Dawowar sunan

A 2022 kamfanin Fox Sports ya farfaɗo da sunan USFL da ƙungiyoyi 8, ciki har da sabuwar Generals, wadda ba ta da alaƙa da Trump. A ƙarƙashin koci Mike Riley, ta faɗi wasan buɗe gasa a hannun Birmingham Stallions da ci 28 da 24, sannan ta ci tara a jere, kafin Philadelphia Stars ta fitar da ita da ci 19 da 14. Ɗan wasanta KaVontae Turpin ne ya zama gwarzon gasar, daga nan ya wuce Dallas Cowboys. A 2023 ta ci wasa 3 ta faɗi 7. Domin rage kashe kuɗi, an girke ta a Birmingham ta jihar Alabama a kakar farko, sai Canton ta jihar Ohio a ta biyu, don haka ba ta buga wasa ko ɗaya a New Jersey ba. Da aka haɗe USFL da XFL aka samar da gasar UFL a ƙarshen 2023, Generals na cikin ƙungiyoyin da aka ajiye.