Fasimon

fasimon (sn., nm.; ba shi da jam'i) 1. Ɗan itace mai launin ruwan lemo, kamar tumatir a siffa. Asalinsa ƙasar Sin ne, kuma ana nomansa sosai a Japan da Koriya da Sifaniya. Danginsu ɗaya da kanya. Irinsa biyu sun fi shahara: Fuyu, da ake ci tun yana da tauri, da Hachiya, mai bauri, wanda ba ya ciwuwa sai ya nuna luguf. 2. Bishiyar da ke haifar da shi.

jam ɗin fasimon: abin shafa wa burodi da ake yi a gida. A ɓare nunannen fasimon, a cire ƙwallon, a dame tsokar, a zuba sukari da ruwan lemon tsami, a dafa ana juyawa har ya yi kauri, wato zafinsa ya kai kusan digiri 104 a ma'aunin Celsius. Idan aka ɗiga shi a faranti mai sanyi bai malale ba, ya yi. Sai a ɗura cikin kwalaben da aka tafasa, a bar ɗan sarari a baki, a rufe, a sake tafasa su cikin ruwa.

*Misali:* "Yaya, miƙo mini kwalbar jam ɗin fasimon."

*Lura:* fasimon ba shi da tsami sosai, ƙwayoyin cuta na iya rayuwa a cikinsa. Ajiye jam ɗin a firji ya fi aminci.