Gyaran Fatar Amarya: Daga Lalle Zuwa Sinadarin Ɗaye Fata

Lokacin da aka aurar da yayata a farkon shekarun 1970, kwana bakwai ta yi a lalle. Ina yaro a lokacin, saboda haka ba a hana ni shiga cikin gida ba, na kuwa ga abin da ake yi. Alwanka ce ke kwaɓa lalle, ta cuɗe mata jiki da shi, a bari ya sha iska, sannan a wanke da sabulun salo da soso, a bi da man shanu ko man kaɗe. Abin da ake nema shi ne fata ta yi laushi da sheƙi. Ban taɓa jin wata tsohuwa ta ce ana so amarya ta sauya launi ba.

Dilka da halawa daga baya suka yaɗu a wajenmu. Kalmar dilka ta Larabci ce, ma'anarta cuɗawa, kuma al'adar ta matan Sudan ce, waɗanda ke haɗa ta da ƙullin dawa da kanumfari da sandal, su turara da hayaƙin itacen dushe. A ganina hanyar aikin hajji ta ƙasa, wadda ta ratsa Borno da Cadi da Darfur, ita ce ta kawo mana ita. Mutanenmu sun daɗe a can, musamman tun bayan yaƙin Burmi na 1903, lokacin da mabiyan Sarkin Musulmi Attahiru suka kafa garin Mai Wurno a bakin Kogin Nil. Har yau idan ana neman gwanar dilka, mutuniyar Maiduguri ake fara tambaya. Duk da haka dilka ma gurza ce kawai, matacciyar fata da dauɗa take fitarwa.

Ɗaye fata da sinadari wani abu ne daban, kuma asalinsa asibiti ne a ƙasashen Turai. A shekarar 1882 wani likitan fata Bajamushe mai suna Unna, a birnin Hambog, ya yi bayanin yadda wasu sinadarai masu ƙuna, cikinsu har da fenol, ke sa fata ta saluɓe sabuwa ta fito. A farkon shekarun 1960 likitoci biyu a Amurka, Baker da Gordon, suka fitar da wani haɗi na fenol da man wani tsiro don gusar da tamojin tsufa. Sai a 1974 Van Scott da Yu suka bayyana amfanin sinadarai masu sauƙi, irin wanda ke cikin rake da wanda ke sa nono ya yi tsami. Waɗannan su ne aka fi amfani da su a yau don ƙurajen fuska da tabo.

Abin da nake so malaman makaranta su fahimta shi ne, wannan aiki ƙuna ce da gangan, wadda likita ke auna zurfinta. Akwai mai tsayawa a fatar sama, ta warke cikin 'yan kwanaki; akwai matsakaiciya; akwai kuma mai zurfi ta fenol, wadda sai ana lura da bugun zuciyar mutum yayin yin ta, domin sinadarin na shiga jini. Bugu da ƙari, galibin waɗanda aka fara yi wa aikin fararen fata ne. Baƙar fata kuwa idan ta ƙone takan bar baƙin tabo, ko kuma wurin ya yi fari fat kamar na mai zabiya, ya ƙi komawa. Shi ya sa likitoci ke kaffa-kaffa da mai zurfin ga irinmu.

To, sinadarin ya iso kasuwanninmu, amma likitan bai biyo shi ba. Ya tarar da man bilicin ya riga ya yi wuri, sai aka haɗa su a kwalba ɗaya, aka kira abin gyaran jiki, sunan da iyayenmu ke kiran lalle da dilka. Hukumar NAFDAC, wadda aka kafa a 1993, ta hana sa sinadarin makuri a man shafawa, kuma a 2023 ta ayyana bilicin a matsayin babbar barazana ga lafiyar jama'a, sai dai kwalbar da ba ta da suna ba ta da lambar da za a bi.

Shekaru uku da suka wuce aka kai 'yar wani ƙanena wani shago ana saura mako biyu bikinta. Aka shafa mata ruwan, aka ce ta daure, zafin alamar yana aiki ne. Kwana huɗu fatar kumatunta ta saluɓe, ta fara ruwa. Ranar kamu da lulluɓi ta zauna, aka ce kunya ce. Da na tambayi mahaifiyarta abin da ke cikin kwalbar, ta ce ita ma mai shagon ba ta sani ba, sarowa take yi. Tabon na nan a gefen hagu har yanzu.