Ina Mujallun Fim Ɗinmu Suka Shiga?



Duk wanda ya yi wayo kafin zuwan wayar salula a 2001 zai tuna cewa labarin 'yan fim a takarda yake iso mana nan Kudu. Mai sayar da kaset a Agege ko Sabon Ibadan zai yi odar kaya daga Kano, a cusa masa 'yan mujallu a cikin kwalin, kwafi ɗaya ya zagaya shago goma kafin bangonsa ya cire.

An saki Turmin Danya a 1990, amma sai a 1998 harkar ta samu mujalla tata, lokacin da Sunusi Shehu Daneji ya fito da Tauraruwa a Kano. A shafukanta aka raɗa wa masana'antar suna Kannywood, tun kafin a fara jin kalmar Nollywood. A watan Maris na 1999 Ibrahim Sheme ya kafa mujallar Fim a Kaduna. Wasu sun biyo baya, irin su Mumtaz da Bidiyo, yawancinsu ba su yi ƙarko ba. Fim ce ta jure.

Mun saba cewa intanet ce ta kashe su. Ni a ganina ta tarar da su ne a kwance. Takardar ɗab'i daga waje ake shigo da ita tun da masana'antar Oku Iboku ta tsaya, don haka duk faɗuwar naira a kan mawallafi take ƙarewa. Sannan kuɗin da ke riƙe mujalla na talla ne, masu tallar kuwa furodusoshi ne da dillalan kaset. Da satar fasaha da tura fim a waya suka karya kasuwar faifai, sai tallar ta ƙafe. Abin da Facebook da Instagram suka ƙwace shi ne ɗumin labari: jaruma za ta saka hoton bikinta da kanta yau, wa zai jira ƙarshen wata?

Labarin dai bai ragu ba, har ya yi yawa. Abin da muka rasa shi ne ajiya. Wanda ke son sanin yadda aka yi muhawara lokacin da aka kafa Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano a 2001, ko abin da masu kallo suka riƙa rubutawa a shafin wasiƙu kan rawa da waƙa, tsofaffin mujallun nan zai nema. Manazarta irin su Farfesa Abdalla Uba Adamu sun dogara da su ƙwarai. Rubutun Facebook kuwa, ran da mai shi ya goge ko aka rufe masa shafi, shi ke nan.

Fim ta koma intanet tana ci gaba da kawo labari, kuma ba na tsammanin mujallar wata-wata za ta dawo teburin mai jarida. In takarda tana da sauran rabo, sai dai a bugu na musamman, sau ɗaya ko biyu a shekara, mai doguwar hira da hotunan da mutum zai so ya adana.

Kafin nan, ga roƙona. Na san a cikinmu akwai masu tsofaffin kwafe a ƙasan akwati, damshin Kudu kuma ba ya barin takarda. Kada a ba mai tsire ya naɗe nama. A kawo su wurin taronmu, mu ɗauki hoton kowane shafi, mu mayar wa mai su abinsa.