Gammo da Adda: Rayuwar Sojan Afirka ta Yamma a Sansanonin Burma, 1943 zuwa 1946

Tambarin da sojojin Runduna ta 82 ta Afirka ta Yamma suka ɗaura a kafaɗa lokacin Yaƙin Duniya na Biyu masu biyu ne da aka gicciya a kan gammo. Mashin ado ne kawai, domin babu wanda ya je Burma da mashi. Gammon kuwa gaskiya ya faɗa. Dubban mutanen da aka kwasa daga Nijeriya da Gwalkwas, wato Ghana ta yau, da Saliyo da Gambiya sun yi yaƙin ne da kawunansu da wuyansu fiye da yadda suka yi shi da kunamar bindiga.

Kimanin mutum 90,000 ne daga Afirka ta Yamma suka yi aikin soja a Indiya da Burma, ƙasar da tsofaffin sojoji ke kira Bama, kuma fiye da rabinsu 'yan Nijeriya ne. Runduna ta 81 ce ta fara tafiya. An kafa ta a 1943 ƙarƙashin Manjo Janar Woolner, tambarinta baƙin gizo ne, ta shiga jirgin ruwa ta kewaya ta Afirka ta Kudu har Bombay. Runduna ta 82 ta bi sawu a 1944. Hausa ce harshen bariki a bataliyoyin Nijeriya da na arewacin Gwalkwas tun kafin yaƙin, saboda haka Batibi da Babarbare da Badagombe da ita suke fahimtar juna, ko da yake a shekarun yaƙin Turawa sun matsa a koyi Ingilishi don ba da umarni.

Wurin da aka tura Runduna ta 81 shi ne kwarin kogin Kaladan a yankin Arakan, ƙasar tsaunuka masu tsini da kurmin gora. Babu hanyar mota. Aikin farko da sojojin suka yi a ƙarshen 1943 shi ne sarar hanya daga sansaninsu na Chiringa zuwa cikin kwarin, tsawon mil 75 ko kusa da haka, da adda da diga da shebur, yadda ƙaramar motar jif za ta iya bi. Da damina ta sauka, ruwa ya cinye hanyar.

A nan kalmar sansani ta sauya ma'ana. Wanda ya saba da barikin Kaduna ko Zariya ko Tamale ya san begila da asuba, da fareti, da ɗakuna a jere. A Kaladan sansani shi ne duk inda dare ya riski mutum. Akan tsaya da la'asar a kan wani tudu, kuma kafin kowa ya zauna sai ya haƙa ramin da zai kwanta a ciki, a sare gora a yi shinge, a raba gadi. Idan an daɗe a wuri, akan yi bukkoki da gadaje na gora, kuma a wannan fanni sojojin Afirka sun yi suna, domin adda a hannun manomi ba baƙuwa ba ce. Kafin fitowar rana da kuma faɗuwarta kowa kan shiga raminsa da bindiga a ɗane, shiru, saboda a waɗannan lokuta ne aka fi tsammanin hari. Da dare ba wuta, ba taba, ba tari mai ƙarfi. 'Yan sintirin Japan kan zagaya su yi ta harbi da ihu a cikin duhu, don kawai wani mai firgita ya mayar da wuta ya tona inda ake. Barcin da aka samu a irin wannan dare ba ya wartsakar da kowa, kuma da gari ya waye a naɗe kaya a tashi, a bar ramin da aka sha wahalar haƙawa.

Sai batun kaya. Sauran rundunonin Birtaniya a Burma suna da motoci ko alfadarai. Rundunonin Afirka ta Yamma kuwa an haɗa su da ƙungiyoyin 'yan alaro, sojoji ne masu kaki da lamba, amma aikinsu dako. Harsasai, akwatunan rediyo da baturansu, ƙananan igwogi da aka kwance gunduwa-gunduwa, magunguna, abinci, duk a ka. Da kayan da aka ɗora masa da nasa na kansa, nauyin kan haura kilo 30, ga hawan dutse mai santsi, ga ƙetare rafi sau da yawa a yini guda. Da yawansu a farkon yaƙin ba su da makami sai adda. In aka yi wa ayari kwanton ɓauna, mai bindiga yana da abin mayarwa, ɗan alaro kuwa sai ya kwanta kusa da kayansa ya jira. Hafsoshi sun yi alfahari da cewa rundunar na iya bin inda alfadari ba zai bi ba, kuma gaskiya ne. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne wuyan wa ya biya kuɗin wannan alfahari.

Abinci daga sama yake zuwa. Runduna ta 81 na cikin manyan rundunoni na farko da aka ciyar da su kacokan ta jirgin sama. Jiragen Dakota kan zo su sako kaya da lema a filin da aka share, buhunan shinkafa kuwa akan wurgo su haka nan ba lema, kuma wanda buhu ya faɗo wa a ka ba ya tashi. Idan hazo ya rufe tsaunuka ko aka canza wuri da gaggawa, jirgi ba ya zuwa, sai a rage rabo. Mutanen da suka tashi da tuwon dawa da fura suka koma shinkafa da biskit da naman gwangwani da shayi. Lemar kanta ba ta tashi a banza ba, da ita ake yin rumfa da shimfiɗa, a kuma yi musayarta da kaji ko ƙwai a ƙauyuka. Bataliyoyin Nijeriya uku na Birged ta 3, waɗanda aka ware aka haɗa da dakarun Chindit na Janar Wingate a 1944, sun fi kowa ɗanɗana wannan: makonni a bayan layin abokan gaba, a wurare kamar tungar da aka laƙaba wa White City, kan abincin kwali iri ɗaya safe da rana da dare.

Ruwan da kan sauka a Arakan a shekara yakan kusa mita 5, ninki biyar ko fiye na abin da Kano ke samu, kuma yawancinsa tsakanin Mayu da Oktoba. Tufafi ba sa bushewa, takalmi kan ruɓe a ƙafa, ƙafar ma ta bi shi. Matsattsaku kan shiga ta ramin igiyar takalmi, in aka fizge shi da ƙarfi wurin ya zama gyambo. Janar Slim, kwamandan Runduna ta 14 wadda waɗannan sojoji ke ƙarƙashinta, ya rubuta cewa a 1943 duk mutum ɗaya da aka kwashe saboda rauni, akwai 120 da aka kwashe saboda ciwo. Maganinsa shi ne tilasta shan ƙwayar mepacrine kullum a gaban hafsa, ƙwayar da ke mayar da fata rawaya. Zazzaɓin cizon sauro bai kayar da 'yan Afirka kamar yadda ya kayar da Turawa ba, domin jikinsu ya saba da shi tun yarinta. Atini da zazzaɓin da ƙwarin ciyawa ke yaɗawa kuwa ba su bar kowa ba.

Mai rauni in ya yi sa'a, 'yan'uwansa kan ɗauke shi a makara ta gora zuwa wani ɗan filin jirgi da su da kansu suka sare, ƙaramin jirgi ya fita da shi. Wanda bai yi sa'a ba akan bar shi. Isaac Fadoyebo, ma'aikacin jinya daga yankin Owo wanda ya shiga soja yana ɗan shekara 16, an harbe shi a ƙafa a bakin Kaladan a watan Maris na 1944, lokacin da rundunar ke ja da baya. Shi da wani ɗan Saliyo, David Kargbo, sun yi watanni kusan tara a ɓoye, wani manomi Musulmi mai suna Shuyiman yana ciyar da su, alhali ya san abin da zai same shi in Japanawa suka gane. Fadoyebo ya rubuta labarinsa daga baya, kuma yana cikin 'yan kaɗan da muryarsu ta tsira a rubuce.

Ladan wannan duka sule ɗaya ne a rana ga farabiti, ƙasa sosai da na takwaransa Bature. Wurin cin abinci daban, wurin kwana daban. Hafsoshi Turawa ne, har da 'yan Polan da aka aro, kuma Seth Anthony na Gwalkwas, wanda ya samu muƙamin hafsa a 1942, ya yi fice ne saboda irinsa ba su da yawa. Bulala, wadda aka daɗe da hana yi wa sojan Ingila, ba ta bar barikin Afirka ba sai bayan yaƙin. Abin da ya riƙe mutane shi ne junansu: limamin bataliya da ke jan salla in hali ya yi, samanjan da ke tsakanin hafsa da farabiti yana fassara umarni da koke, da mai ilimin boko da ke rubuta wa goma wasiƙar gida, wadda amsarta kan ɗauki watanni.

A watan Janairun 1945 rundunonin biyu suka haɗu suka kama Myohaung, tsohuwar hedikwatar masarautar Arakan. Daga nan aka janye ta 81 zuwa kudancin Indiya, ta 82 ta ci gaba da gangarawa kudu. Japan ta miƙa wuya a watan Agusta, amma jiragen ruwa sun yi ƙaranci, kuma sojojin Afirka ba su ne a gaban layi ba. Suka zauna a sansanoni suna fareti da sharar fili da ƙirga watanni, wasu suna koyon karatu da tuƙi, har cikin 1946 kafin yawancinsu su ga tashar Legas ko Takoradi. Sunayen wuraren da suka haƙa ramuka, da na dakarun Chindit, su ne a yau a ƙofofin barikoki: Dalet a Kaduna, Chindit a Zariya, Letmauk a Ibadan, Myohaung da Arakan a Legas, Kaladan a Tamale, da Burma Camp a Accra.