Borin Ƙananan Yara

Bori shi ne yaro ya fashe da ihu, ya zube ƙasa yana birgima don an hana shi abu. Ya fi yawa daga shekara 1 zuwa 3, lokacin da ya san abin da yake so amma bakinsa bai iya faɗa ba. A ƙauyukanmu irin su Mandera yakan tsananta lokacin yaye, musamman in an kai shi gidan kaka. Sunan kawai ne bori, babu iskoki a ciki. Afisawa 6:4 ta gargaɗi ubanni kan tsokanar 'ya'yansu, don haka mu ajiye bulala, mu janye shi daga murhu, mu jira ya huce. Amma in jikinsa da zafi yana jijjiga, a kai shi asibiti nan take.