Toka da Furfura: Asalin Sunan Wani Launi a Harsunan Turai

Sau da yawa sababbin marubutanmu kan yi ƙorafi wai Hausa ba ta da suna tilo na launin da Ingilishi ke kira grey, sai dai mu ce ruwan toka. To, bari mu bi sawun kalmar a Turai, mu ga inda su ma suka samo ta.

Rumawan da suna da kalmomi biyu a Latin: cinereus daga cinis, wato toka, da canus, mai furfura. Har yau cinza a harshen Fotugal toka ce, kuma sunan launin ne. Faransanci kuwa aro ya yi. Kalmarsa gris ta fito ne daga bakin Faranka, ƙabilar Jamusawa da ta kafa mulki a ƙasar cikin ƙarni na 5. Danginta su ne grigio na Italiya da Greis, wato dattijo a Jamusanci. Girkawa kan ce polios ga kan tsoho. Da wannan kalma likitoci suka raɗa wa shan-inna suna foliyo, domin cutar tana kama sashen laka mai ruwan toka.

A 1969 Brent Berlin da Paul Kay suka nuna wannan launi yana cikin na ƙarshe da harsuna kan ba suna na kansa. Ashe su ma Turawa murhu da kan tsofaffinsu suka duba. Saboda haka mu rubuta ruwan tokarmu ba tare da jin kunya ba.