Maguɗin Da Ya Girgiza Gasar Kacici-kacici A Amurka

'Yan'uwana tsofaffin ɗalibai, tun da yawancinmu mun taɓa zama a bencin kacici-kacici, na ga ya kyautu in kawo mana wani ɗan tarihi.

A 1955 gidan talabijin na CBS a Amurka ya fara shirin The $64,000 Question, jama'a kuwa suka yi masa caa. Da shekara ta zagayo, NBC ta fito da nata mai suna Twenty-One. Kamfanin da ke ɗaukar nauyinsa ya koka cewa shirin ba armashi, sai masu shiryawa suka soma ba wanda suke so amsa a asirce. A Disambar 1956 suka umarci zakaransu, Herbert Stempel, ya faɗi da gangan domin Charles Van Doren, malami a Jami'ar Kolumbiya, ya haye. Van Doren ya kwashi dala 129,000.

Ramin ƙarya ƙurarre ne. Stempel ya fasa ƙwai, a 1959 Van Doren ya amsa laifinsa gaban kwamitin Majalisar Dokoki, ya rasa aikinsa. A 1960 aka yi dokar haramta irin wannan maguɗi.

Saboda haka in ƙungiyarmu za ta ɗauki nauyin gasa ga ƙannenmu, ina roƙon mu riƙe takardar tambayoyi amana. Allah Ya sa mu dace.